BABI NA UKU: TARIHIN SA IDON GWAMNATIN NIJERIYA A KAN NUKILIYA DA RADIYESHAN

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin ma'anar radiyeshan da amfaninsa da kuma illarsa ga jikin ɗan Adam. An nuna cewa wani irin haske ne da ido ba ya gani, hanci ba ya jin warinsa, fata kuma ba ta jin zafinsa a lokacin da yake ratsa ta. Wannan siffa ita ce ta sa kula da shi ya zama nauyi a wuyan hukuma. Talakan da ya je asibiti ɗaukar hoton ƙirji, ko leburan da ke aiki a bakin rijiyar mai, ba shi da yadda zai gane ko abin da ya shiga jikinsa ya wuce kima. Dole sai an sami mai na'urar awo, wanda kuma doka ta ba ikon hanawa, ya tsaya masa.

A wannan babi za a bi diddigin yadda gwamnatocin Nijeriya suka ɗauki wannan nauyi tun daga shekarar 1960. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, kusan duk yunƙurin da gwamnati ta yi a farkon lamari ya biyo bayan wata barazana ce da ta taso daga ƙetare. Shi kuwa haɗarin da ke zaune cikin gida, a asibitoci da rijiyoyin mai da filayen kuza, sai da ya shekara fiye da arba'in ba tare da wata hukuma mai cikakken iko a kansa ba.

3.1 Gwajin Bam na Faransa a Hamadar Sahara

Maganar nukiliya ta shigo siyasar Nijeriya tun kafin a sami mulkin kai. Da labari ya bazu cewa Faransa na shirin gwada bam ɗinta na farko a Aljeriya, wadda take mallaka a lokacin, sai hankalin jama'ar Afirka ta Yamma ya tashi. Tun a 1959 Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ya kai kuka ga gwamnatin Ingila, domin ita ce ke riƙe da harkokin wajen Nijeriya. Faransa ba ta saurari kowa ba. Ranar 13 ga watan Fabrairu, 1960, ta tayar da bam ɗin a kusa da garin Reggane. Ƙarfinsa ya kai kimanin kilotan 70, wato ya ninka wanda Amurka ta jefa a Hiroshima fiye da sau huɗu.

Tsoron da jama'a suka ji yana da dalili. Tsakanin Reggane da Kano bai kai kilomita 2,000 ba, kuma an yi gwajin ne cikin hunturu, lokacin da iska ke kwaso ƙurar hamada tana zubarwa a ƙasar Hausa. Bam ɗin da aka tayar a sarari yakan watsa ƙura mai ɗauke da sinadarai masu fitar da radiyeshan. Akwai wani nau'in aidin da kan sauka a kan ciyawa, saniya ta ci, ya fito cikin nono, ya taru a maƙogwaron yaro. Akwai kuma siziyam da sitirontiyam, waɗanda sai sun shekara kusan 30 kafin ƙarfinsu ya ragu da rabi. Wata taswirar sojojin Faransa da aka fitar daga sirri, jaridu suka buga a 2014, ta nuna cewa cikin 'yan kwanaki ƙurar gwajin farko ta bazu a sassa da dama na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya.

A Gana, Kwame Nkrumah ya riƙe kadarorin Faransa da ke ƙasarsa. Ita kuwa Nijeriya sai da ta sami 'yanci sannan ta iya ɗaukar mataki da kanta. Bayan gwaji na uku da aka yi ranar 27 ga Disamba, 1960, gwamnatin Ɓalewa ta yanke hulɗar jakadanci da Faransa a farkon Janairun 1961. An ba jakadanta Raymond Offroy awa 48 ya bar ƙasar, aka kuma hana jiragen ruwa da na sama na Faransa shigowa. Wannan hani ya ƙuntata wa maƙwabta irin su Nijar da Chadi, waɗanda kayansu ke bi ta tashoshin Nijeriya, saboda haka aka ɗage shi bayan 'yan watanni. Hulɗar jakadanci kuwa ba ta dawo ba sai bayan kimanin shekara biyar. Duk da haka Faransa ta ci gaba da gwaje-gwajenta har 1966. Ta yi huɗu a sarari a Reggane, da goma sha uku a ƙarƙashin dutse a In Ekker.

3.2 Ofishin Ibadan: Awo ba Tare da Iko Ba

Abin da wannan rikici ya bar wa Nijeriya shi ne sanin muhimmancin awo. An kafa tashoshin tara ƙura da ruwan sama da taimakon Ingila domin a gane yawan abin da ke sauka. Daga wannan aiki ne aka sami Ofishin Tarayya na Kariya daga Radiyeshan a 1964, wanda aka ajiye a Sashen Fiziks na Jami'ar Ibadan. A wannan shekarar ce kuma Nijeriya ta shiga Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya, wato IAEA, mai hedkwata a Biyana. A 1968 ta sa hannu a yarjejeniyar hana yaɗuwar makaman nukiliya.

Ofishin na Ibadan ya yi aiki gwargwadon hali. Yakan auna muhalli, ya kuma lura da yawan radiyeshan da ma'aikatan ɗakin hoto na asibitoci ke sha, ta hanyar wata 'yar alama da suke maƙalawa a riga. Sai dai babu wata doka da ta kafa shi. Ke nan ba shi da ikon ba da lasisi, ba ya iya rufe ɗakin hoton da bangonsa bai da kauri, ba ya kuma iya gurfanar da kowa gaban alƙali. Iyakarsa ya auna ya ba da shawara. A 1971 an gabatar wa gwamnatin soja daftarin dokar da za ta toshe wannan giɓi, amma ba a zartar da shi ba. Abin lura a nan shi ne, da ƙurar Sahara ta lafa, sai sha'awar hukuma a kan batun ita ma ta lafa.

3.3 Hukumar Makamashin Nukiliya ta 1976

Yunƙuri na biyu shi ma daga waje iskarsa ta kaɗo. A tsakiyar shekarun 1970 an yi ta raɗe-raɗin cewa gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu na ƙera bam, zargin da Shugaba de Klerk ya tabbatar a 1993 lokacin da ya ce sun ƙera guda shida sun kuma wargaza su. A cikin wannan yanayi, ga kuma kuɗin mai sun shigo, gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta zartar da Dokar Soja mai lamba 46 ta 1976, wadda ta kafa Hukumar Makamashin Nukiliya ta Nijeriya. A 1978 aka ware cibiyoyin bincike da horarwa guda biyu, ɗaya a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ɗaya a Jami'ar Ife, aka kuma tura matasa ƙasashen waje neman ilimin fannin.

Wajibi ne a bambance aikin wannan hukuma da aikin sa ido. An kafa ta ne domin ta bunƙasa nukiliya: ta gina tashoshi, ta nemo ma'adinai, ta yi bincike. Ba ita ce za ta bi asibiti-asibiti tana duba inji ba. Daɗin daɗawa, hukumar ta zauna a takarda kawai har tsawon shekara talatin. Sai a 2006, bayan Obasanjo ya dawo a matsayin shugaban farar hula, aka farfaɗo da ita.

3.4 Haɗarin da ke Cikin Gida

A duk tsawon wannan lokaci amfani da radiyeshan ƙaruwa yake yi a cikin ƙasa. Za a iya kasa shi gida uku.

Na farko shi ne asibitoci. Injin ɗaukar hoton ƙashi ya shigo tun zamanin Turawa, ya kuma yawaita bayan da asibitoci masu zaman kansu suka bazu. A shekarun 1970 Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas ya sami injin gasa ciwon daji mai amfani da kobalt. Irin wannan inji yana ɗauke da ƙwanson radiyeshan, wato ɗan ƙaramin gwangwani na ƙarfe da aka rufe sinadarin a ciki. Injin hoto in an kashe wuta ya daina fitar da kome. Ƙwanso kuwa ba a kashe shi, yana nan yana aiki ko da injin ya lalace an jefar.

Na biyu shi ne masana'antu, musamman ta man fetur. Tun da aka sami mai a Oloibiri a 1956 kamfanoni ke zura irin waɗannan ƙwansuna cikin rijiya domin gane yanayin duwatsun da ke ƙasa, suna kuma ɗaukar hoton waldar bututu da su don gano tsaga. Ana yawo da su a mota da kwalekwale daga wannan fili zuwa wancan, ba tare da wani kundi guda da ke nuna nawa suka shigo ƙasar da kuma inda suke ba.

Na uku shi ne filayen kuza na Jos, inda kamfanonin Turawa suka fara haƙa tun farkon ƙarni na 20, da dubban leburori daga ƙasar Hausa da sauran wurare. In an wanke kuza aka fitar da mai kyau, yashin da ya rage yana ɗauke da wani ma'adini da ake kira monazait, mai toriyam a cikinsa, wanda ke fitar da radiyeshan. An bar tulin wannan yashi a bakin kududdufai da wuraren tacewa, jama'a kuma sukan ɗiba su yi gini ko shafe, domin a ido ba shi da bambanci da sauran yashi.

Abin da ya faru a garin Goiania na ƙasar Birazil a watan Satumba na 1987 ya isa misali ga irin wannan sakaci. Wasu masu tsintar ƙarafa sun shiga wani asibitin da aka ƙaurace wa, suka kwance kan injin gasa daji, suka sayar wa ɗan gwangwan. Da aka fasa ƙwanson sai aka ga wani gari mai ƙyalli shuɗi, aka yi ta rabawa 'yan uwa. Mutum huɗu suka mutu, har da yarinya 'yar shekara shida. An auna mutum kimanin 112,000, aka sami 249 da siziyam ya taɓa. Duk wanda ya san yadda sana'ar jari-bola take a garuruwanmu ya san babu abin da zai hana irin haka faruwa a nan.

3.5 Sharar Koko da Dokokin 1988

A daidai lokacin da Birazil ke fama da wancan bala'i, jiragen ruwa na sauke durom-durom na sharar masana'antu daga Italiya a ƙaramar tashar Koko, cikin tsohuwar Jihar Bendel. Tsakanin 1987 da 1988 an jibge kusan tan 4,000 a wani fili da aka yi haya a kan dala 100 a wata. Ba jami'an tasha ne suka tona asirin ba. Ɗaliban Nijeriya da ke karatu a Italiya ne suka ga labarin a jaridun can, suka aiko wa jaridun gida a 1988. Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta janye jakadanta daga Rum, ta tsare wani jirgin Italiya, har sai da aka kwashe sharar.

Galibin abin da ke cikin durom ɗin gubar sinadarai ce, amma an yi ta fargabar cewa akwai mai fitar da radiyeshan a ciki, sai da aka gayyato ƙwararru daga ƙasashen waje suka duba. Cikin shekarar aka zartar da dokoki biyu. Dokar Soja mai lamba 42 ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai shigo da shara mai cutarwa, ta kuma ambaci sharar nukiliya ƙarara. Mai lamba 58 kuwa ta kafa Hukumar Kare Muhalli ta Tarayya. Haka kuma Nijeriya na cikin ƙasashen da suka kai maganar zubar da sharar nukiliya gaban IAEA, wadda ta fitar da ƙa'idojin safarar irin wannan shara a 1990.

Idan aka yi la'akari da waɗannan matakai za a ga cewa ihu ne bayan hari, kuma fuskarsu na kallon teku. Sun hukunta baƙon da zai kawo shara, amma ba su ce kome ba game da ƙwanson da kamfani ya shigo da shi da rana tsaka, ko injin hoton da ke aiki a ɗakin da ba a tsara don shi ba.

3.6 Dokar 1995 da Kafuwar NNRA

Sai a zamanin Janar Sani Abacha aka zartar da Dokar Soja mai lamba 19 ta 1995, wadda ta shafi tsaron nukiliya da kariya daga radiyeshan, shekara 24 bayan daftarin farko. Dokar ta kafa Hukumar Sa Ido kan Nukiliya ta Nijeriya, wadda ake kira NNRA a taƙaice. Ta ba ta ikon yi wa na'urori rajista, da ba da lasisin shigowa da mallaka da safara da zubarwa, da shiga wuri don bincike, da dakatar da lasisi. To amma ita ma doka ta riga hukuma zuwa. Ba a buɗe NNRA ba sai a watan Mayu na 2001, ƙarƙashin Farfesa Shamsideen Elegba, wanda ya taɓa shugabantar cibiyar Zariya.

A 2003 hukumar ta fitar da ƙa'idojinta na tushe, bisa ma'aunin da duniya ta amince da shi: ma'aikaci kada ya wuce milisibat 20 a shekara, sauran jama'a kuwa milisibat 1, ban da abin da mutum ke samu daga ƙasa da sararin sama, wanda matsakaicinsa a duniya ya kai kimanin 2.4. Wasu ƙa'idojin sun biyo baya a 2006 da 2008, waɗanda suka shafi asibitoci da safara da rijiyoyin mai da ma'adinai irin na Jos. Daga bisani an kafa cibiyar bincike da daidaita na'urorin awo ta hukumar a Jami'ar Ibadan, inda aikin ya faro tun 1964.

3.7 Ɓatan Ƙwansuna da Tukunyar Zariya

Abubuwa biyu suka gwada ƙarfin sabuwar hukumar. Na farko, a Disambar 2002 ƙwansuna biyu na amerisiyam da beriliyam, mallakar kamfanin Halliburton, suka ɓace a yankin Neja Delta. Nijeriya ta sanar da IAEA, wadda ta turo tawaga a farkon 2003. Daga baya aka gano su a Jamus cikin tarin tsofaffin ƙarafa. A 2004 gwamnatin tarayya ta dakatar da ba kamfanin kwangila saboda wannan lamari. Wannan ya nuna rauni da ƙarfi lokaci guda. Kayan sun fita daga ƙasar ba wanda ya gane, amma a karon farko an sami hukumar da ta bi sawu har aka hukunta babban kamfani.

Na biyu shi ne ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike da ke cibiyar Zariya, ƙirar Sin, mai ƙarfin kimanin kilowat 30. An ƙulla yarjejeniyarta tsakanin Nijeriya da Sin da IAEA a 1996, amma ba ta fara aiki ba sai ranar 3 ga Fabrairu, 2004, bayan an sami hukumar da za ta ba ta lasisi. Ba ta ba da wutar lantarki. Ana amfani da ita wajen tantance abin da ke cikin ƙasar noma da ma'adinai da abinci, da kuma koyar da ɗalibai. Da farko tana aiki ne da kimanin kilo ɗaya na yuraniyam da aka tace zuwa kashi 90 cikin ɗari, irin wanda ake iya ƙera bam da shi in ya yi yawa. A 2018 aka sauya shi da mai kashi 13 cikin ɗari, aka mayar da tsohon ƙasar Sin a watan Disamba.

3.8 Matsalar Cin Gashin Kai

Samun hukuma ba shi ne ƙarshen magana ba. Tarihin wasu ƙasashe ya nuna cewa mai sa ido ba ya iya aiki in yana ƙarƙashin wanda ke cin moriyar abin da ake sa wa ido. Amurka ta raba hukumarta gida biyu a 1975 saboda wannan dalili. Japan kuwa sai bayan haɗarin Fukushima na 2011 ta cire masu sa ido daga ma'aikatar masana'antu, ta kafa sabuwar hukuma a 2012. Yarjejeniyar Tsaron Nukiliya ta 1994, wadda Nijeriya ta tabbatar a 2007, ta wajabta irin wannan rabuwa.

A Nijeriya an raba aikin bunƙasawa da na sa ido tsakanin hukumomi biyu, kuma wannan daidai ne. Sai dai an ajiye NNRA ƙarƙashin kulawar Ma'aikatar Man Fetur, alhali masana'antar mai ce ta fi kowa shigo da ƙwansunan radiyeshan. Tawagar IAEA da ta duba tsarin ƙasar a 2017 ta ba da shawarar a tabbatar da cin gashin kan hukumar, a raba ta da duk wani ɓangare da ke da wata buƙata a hukuncinta. Maganar ta ƙara nauyi ganin cewa a wannan shekarar ce Nijeriya ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin Rosatom na Rasha a kan gina tashar lantarki ta nukiliya, bayan an ware Geregu a Jihar Kogi da Itu a Jihar Akwa Ibom. Tasha irin wannan ta ninka tukunyar Zariya sau dubbai.

3.9 Kammalawa

A wannan babi an ga cewa ƙurar Sahara ce ta haifi ofishin 1964, tsoron Afirka ta Kudu na cikin abin da ya haifi dokar 1976, sharar Italiya kuma ta haifi dokokin 1988. An ga kuma tazarar da ke tsakanin rubuta doka da aiki da ita: shekara talatin ga hukumar makamashi, shekara shida ga hukumar sa ido. Waɗanda suka ɗauki nauyin wannan jinkiri su ne ma'aikatan ɗakin hoto da majinyata da leburorin mai da mazauna filayen kuza, kuma da yake illar radiyeshan kan ɗauki shekaru kafin ta bayyana, mai ciwon ba ya danganta shi da asalinsa, balle ya kai ƙara.

Masu iya magana kan ce rigakafi ya fi magani. A fagen radiyeshan rigakafi yana nufin kundin da ke nuna inda kowane ƙwanso yake, da jami'in da zai isa asibitin ƙauye kamar yadda yake isa na birni, da na'urar awo a tashoshin ruwa da wuraren narka ƙarafa, da kuma hukumar da za ta iya cewa a'a ga kamfani ko ga gwamnatin da ta kafa ta. A babi na gaba za a duba tanade-tanaden dokar 1995 ɗaya bayan ɗaya, domin a ga iyakar abin da ta ba hukumar da kuma abin da ta bari a buɗe.